Firgici Ba Ya Zaɓen Shekaru

Mai karatu, tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, Gadarif ta cika da 'yan gudun hijira. Wataƙila kai ma kana da baƙi a gidanka. Sun tsira da ransu, amma firgici ya biyo wasunsu, kuma yadda yake bayyana ya danganta da shekarun mutum.

Yaro ba ya iya faɗin damuwarsa. Sai ka ga ya koma fitsarin kwance, yana razana cikin barci, ko ya manne wa uwarsa. Kada ka doke shi. Wasa, karatu da barci a kan lokaci suna taimaka masa ƙwarai.

Babba yakan zo asibiti da ciwon kai ko kasala. Idan baƙin ciki da rashin sha'awar komai sun kai mako 2, a duba ko ciwon damuwa ne. Ana warkar da shi ta hanyar zantawa da ma'aikacin lafiya, wani lokaci a haɗa da ƙwayoyi.

Tsoho kuwa, kada ka ce duk mantuwa tsufa ne. Idan ya rikice farat ɗaya, a fara gwada shi zazzaɓin cizon sauro, a duba ƙishirwa da sukari.

Dakta Tijjani al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko a Sudan, ya yi aiki tare da malamai masu magani. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Wanda ya ambaci kashe kansa, kada ka bar shi shi kaɗai. Kai shi asibiti yau.