Barcin Rana: Shekaru Ba Su Ke Yanke Hukunci Ba

Tsakanin shekara uku da biyar ne yawancin yara ke barin barcin rana, sai dai ba rana ɗaya suke bari ba. Ga sa'anni biyu a gida guda: wannan da azahar ta yi ido ya rufe, ko a kan tabarmar tsakar gida ne, da rabin ƙosai a hannu, wancan kuwa ko an tsare shi a ɗaki sai juyi da surutu. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce yaro ɗan shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 a dare da yini, wanda zai iya haɗawa da na rana. Jimillar ce abin lura. Don haka kuskure ne uwa ko malamar makarantar reno ta ɗauki shekaru ta mai da su doka, ta ce daga yau an girma, ko kuma ta ce dole kowa ya kwanta.

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga binciken Rebecca Spencer da abokan aikinta a Jami'ar Massachusetts da ke Amurka a 2013. Sun koya wa yara wuraren da wasu hotuna suke a kan allo da safe, sannan wata rana a bar su su yi barci, wata rana a hana su. Ranar da aka hana, mantuwa ta fi yawa, musamman ga waɗanda suka saba barcin kullum, kuma barcin dare bai dawo da abin da ya zube ba. Daga baya, a 2022, Spencer da Tracy Riggins suka danganta barin barcin rana da girman sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe sabon abin da aka koya. A ƙaramin yaro sashen kamar ƙaramar ƙwarya ne, da wuri take cika, sai an juye kafin a ƙara zubawa. Idan ya bunƙasa, yaro zai iya kaiwa dare ba tare da ya juye ba. Ra'ayi ne da ake ci gaba da gwadawa, amma ya bayyana bambancin sa'annin nan fiye da zargin rigima ko lalaci.

Masu cewa barcin rana ke hana yaro kwanciya da wuri ba ƙarya suka yi ba. Wani nazari da masana a Kwinsland ta Ostireliya suka buga a 2015 ya nuna cewa bayan shekara biyu, barcin rana na tafiya da jinkirin barcin dare. To amma wannan dalili ne na kada a tilasta wa wanda ya wuce matakin, ko a bar barci ya kai bayan la'asar. Bai halatta tashin wanda jikinsa ke nema ba. Sau da yawa ma ba barcin rana ne mai laifin ba. A Jami'ar Kolorado, a 2018, an ga haske mai ƙarfi na awa ɗaya kafin kwanciya ya rage wa yara sinadarin melatonin, mai jawo barci, da kusan kashi 88 cikin ɗari.

Malama mai yara arba'in za ta ce ba ta da halin bin kowa da nasa. Ba sai ta bi ba. A shimfiɗa tabarmi, a rage hayaniya na ɗan lokaci: mai barci ya yi, marar barci a ba shi littafin hotuna. Wanda kullum yake gyangyaɗi a Keke Napep kan hanyar gida, ko yake ɓarke da kuka gab da magariba, bai gama da barcin rana ba tukuna, ko da ya cika biyar.