Kafin Ka Fara Sayar da Wi-Fi a Tamale

Ina sayar da katin Wi-Fi kusa da kasuwar Aboabo, kuma 'yan'uwa kan tambaye ni ko lasisin rauta ɗaya zai ishi shaguna uku. Ina! Rautar MikroTik, kamfanin ƙasar Latbiya, tana zuwa da lasisin RouterOS manne da ita, ba ya ƙaura zuwa wata. Mataki na 4 na ɗaukar kwastoma 200 a lokaci guda, na 5 kwastoma 500, na 6 ba iyaka. Saboda haka, Alhaji, ƙirga mutanenka kafin ka zuba jari. Duk wanda ya tallata maka lasisin da wai ya ciro daga wata rauta, riƙe kuɗinka; araha ba ta ado. Batun izinin sayarwa kuwa, tuntuɓi hukumar NCA.