Shin Ko Kun San Asalin Sunan Farin Kabeji?

Shin ko kun san farin kabejin nan da Bature ke kira cauliflower, sunansa ba Ingilishi ba ne tun asali? Daga Italiya aka aro shi, inda suke ce masa cavolfiore. Kalmomi biyu ne na Latin aka ɗinke: caulis, wato kara ko kabeji, da flos, wato fure. A taƙaice dai, kabeji mai fure.

Bafaranshe ma haka ya gan shi, ya ce chou-fleur. Wannan chou ɗin shi ne "shu" da 'yan'uwanmu na Nijar ke kiran kabeji da shi. Bajamushe ya ce Blumenkohl, mutanen Indiya suka ce phool gobhi, duk fure ne da kabeji. A ƙasar Sham kuwa wasu ba sa wahalar da baki, zahra kawai suke ce masa.

To amma fa ga inda gizo ke saƙar: abin da ake ci ɗin bai kai ga zama fure ba. Ɓare kan guda ɗaya ku duba, za ku ga ƙananan rassa cunkushe da juna kamar guntattakin awara. Tohon fure ne da ya tsaya bai buɗe ba. In manomi ya yi sake ya bar shi a gona, sai kan ya watse, ya fid da dogayen kara masu furanni rawaya, a lokacin kuwa ya wuce kasuwa. Farin nasa ma ɓoyo ne ya ba shi: ganye ke rufe shi daga rana, wasu manoman har ɗaure ganyen suke yi a kansa. Ni dai a ganina Bahaushe da ya dubi launi ya fi kusa da gaskiya.

Shi farin kabejin daga gabashin tekun Bahar Rum ya fito, musamman tsibirin Kubrus, kuma Ibn al-Awwam, masanin noma na Andalus, ya ambace shi tun ƙarni na 12. Shi da kabeji da burokoli duk tsiro guda ne, zaɓen iri ne ya raba su.

Ita kanta kalmar "kabeji" daga Ingilishi muka aro ta, Ingilishi kuma daga tsohon Faransanci caboche, ma'anarsa kai.