Kafin Ƙungiyarku Ta Sayi Tanderun Lantarki

Bayan kaka, sa'ad da kuɗin masara da gyaɗa suka shigo hannu, ƙungiyoyi da yawa sukan tambaye mu ko ya kamata su sayi ɗan tanderun nan na lantarki da ake ɗorawa bisa tebur, domin mata su riƙa gasa burodi da kek suna sayarwa ranar kasuwa. Shawara ce mai kyau. Amma ku ji abin da muka gani a wani ƙauye da muke zagayawa.

Matan zumunta sun yi adashi na wata biyar, suka sayo tanderu na gwanjo. Ranar da aka jona shi sai hayaƙi ya tashi, shi ke nan. Da muka juya bayansa, sai muka ga an rubuta 120V. Ashe na Amurka ne, ga shi kuwa wutar ƙasarmu 230V ce. Araha ba ta ado.

Saboda haka, 'yan'uwa, ku duba lambobi biyu a bayan kowane kayan wuta kafin ku biya. Ta fari mai harafin V, ta zama 220 zuwa 240. Ta biyu mai harafin W, ita ce ke nuna yawan cin wutarsa. Irin wannan tanderu yakan ci wat 1,200 zuwa 1,800. Ƙaramin janareton da muka saba gani a gidaje bai kai wat 1,000 ba, don haka ba zai ɗauke shi ba. Haka nan butar lantarki da dutsen guga. Siririyar waya kuma takan yi zafi har ta kama wuta, sai a jona shi a bango kai tsaye.

Ku yi lissafi kuma. Tanderu mai wat 1,500 in ya yi awa ɗaya yana aiki, yakan ci kusan yunit ɗaya da rabi a mita. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, wannan lissafi ya canja ga masu janareto, gama a shekarar ne kuɗin mai ya ninka.

Inda babu wuta tsayayya, babbar tukunya ta isa. A zuba yashi mai tsabta kaurin yatsa uku, a bari ya yi zafi, a jera gwangwanayen madara uku, a ɗora kwanon gashi a kai, a rufe, a sa garwashi kaɗan bisa murfi. Amma a yi shi a waje. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fid da iska marar wari mai kisa.

Shawararmu ke nan: ku fara da tukunya har kasuwa huɗu, ma'aji yana rubuta kuɗin fulawa, sukari, yis da gawayi, da abin da aka sayar. In littafin ya nuna riba, sai a yi maganar tanderu a taron ƙungiya.