Ɓarayin Ƙarƙashin Ƙasa: Abubuwan Mamaki Daga Lambun Kabeji

Yau lambun kabeji muka nufa, daga Sokode zuwa Dapaong a arewacin Togo, kuma ƙasa za mu tona, domin a can masu ɓarnar suke. Kowa ya ɗauko fartanyarsa!

Sokode tsohon zango ne na fataken goro masu zuwa Gwanja, shi ya sa har gobe za ka yi cinikin kabeji da Hausa a garin Kotokoli. Goro ya share hanya, kayan lambu sun biyo sawu.

Kakan kabeji ciyawa ce da ke fitowa a duwatsun bakin teku a Turai, don haka jikan nasa ya fi sakewa da sanyin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Baƙo ne, amma ya san lokacin ziyara.

Rumfar leda ko ta raga da ake yi wa kabeji tana tare duk mai zuwa da fiffike, sai dai na cikin ƙasa ɗumi da laima kawai take ƙara musu, ba rani ba damina. An kulle ƙofa, ashe ɓarawon yana ƙarƙashin gado!

Idan kabeji ya yi yaushi da rana tsaka alhali fangalin a jiƙe yake, sannan ya miƙe da yamma, to saiwar ce ke kuka. Tuge ɗaya ka duba, malam, ruwa ba ya tsami banza.

Akwai wata tsutsar da ido ba ya gani, mai shiga cikin saiwa ta kumbura ta ƙulli-ƙulli kamar carbi, kuma mace ɗaya kan saka ƙwai ɗaruruwa. Ɗan hakin da ka raina kenan.

Ita wannan tsutsa, a Ingila aka fara rubuta labarin ɓarnarta a 1855, a saiwar kokwamba da aka shuka cikin ɗakin gilashi. Tun fil'azal 'yar ɗaka ce.

Kada a haɗa ƙullinta da na saiwar wake ko gyaɗa: wancan taki yake tara wa gona, kuma da ka murza shi sai ya fita, na tsutsa kuwa ya zama jiki ɗaya da saiwar. Kama da wane ba ta wane!

Tumatir, kuɓewa da gauta duk masaukinta ne, saboda haka wanda ya kwashe tumatir ya dasa kabeji a gurbinsa abinci kawai ya sauya mata. A ratsa da dawa ko gero, yunwa ta yi mata sallama.

Wata tsutsar kuma, mai yanke dashe, da dare take aiki: ta datse ƙaramin kabeji daidai wuya, da asuba ta shige ƙasa kusa da shi. Ka tona da yatsa za ka same ta a nannaɗe kamar gammo, ta ci ta ƙoshi ta kwanta a gidan mai kaya.

Maganinta mai araha shi ne gwangwanin madara da aka fasa gindinsa, a zura wa kowane dashe, a ɗan nutsa shi cikin ƙasa. Kabeji da zobe, sai ka ce ango!

Gyare mai haƙa yana da ƙafafun gaba kamar hauya, kuma namijin kan gina bakin raminsa da siffar ƙaho don kukansa ya kai nesa. Maroƙi da kakakinsa, ga shi kuma yana tsinka saiwa a hanya.

Zuba ruwan sabulu kaɗan a inda kake zarginsa, cikin 'yan mintuna zai fito yana neman iska. Wanka ne ba ya so, ko kaɗan.

Gwazarma, farar tsutsar nan mai ƙiba, iri-iri ce: wata juji kawai take ci, wata kuwa saiwa take gaigaya. Shi ya sa tsofaffin 'yan lambu ke barin taki ya ruɓe sarai, su baza shi kaji su tsince kafin ya shiga fangali. Kaza ta ƙoshi, kabeji ya huta.

Gara ma manomiya ce, domin wasu irinta lambun naman kaza suke nomawa a cikin suri, da karan da suka kwaso. Ta fi far wa shukar da ƙishi ya galabaita, wato dai sai bango ya tsage.

A yankin Dapaong, inda kiwon zabi ya yi suna, akan cika tukunya da busasshen kashin shanu da kara, a ɗan jiƙa, a kife a hanyar gara, in ta taru a juye wa 'yan tsaki. Mai ci ta zama abin ci!

Zafin Maris da Afrilu a Dapaong kan kai digiri 40, kuma shi ma magani ne: a jiƙa fangali, a lulluɓe da farar leda mako 4 zuwa 6, ƙasar ta dahu da abin da ke cikinta. Rana kyauta ce, ba ta karɓar sefa.

Darbejiya daga Indiya ta zo, amma ta zama 'yar gida; tunkuzar 'ya'yanta in an cuɗa da ƙasa taki ce, kuma tana rage tsutsar saiwa. Ɗaci a baki, daɗi a lambu.

Warin nan na kabeji makaminsa ne, har ma in an daddatsa ragowar ganyensa an binne, tururin da yake fitarwa kan rage ƙwarin ƙasa. Sai dai da warin nan ɗin wasu ƙwarin ke gane gidansa. Abincin wani, gubar wani.

A Turai kuwa wani ƙuda ne ke addabar kabeji: macen tana ɗanɗana ganye da ƙafafunta, in ta tabbatar kabeji ne sai ta sauka gindinsa ta saka ƙwai. Manoman can faifan kwali suke shimfiɗa wa kowane tushe, ƙuda ya zo ya tarar an rufe kasuwa.

Akwai kuma cutar da ke kumbura saiwar kabeji kamar kulki, wadda ƙwayarta kan yi shekara kusan 20 a ƙasa tana jira. Takalmi da fartanya ke yawo da ita daga lambu zuwa lambu, don haka a wanke kayan aro kafin a shiga.

Irin dashe ma haka: wasu daga cikin baƙin nan a ƙasar da ke manne da saiwa suke shigowa rumfa. Kafin ka biya kuɗin dashe a kasuwar Sokode, karkaɗe guda biyu ka ga farar saiwa sumul. Gani ya kori ji.

To jama'a, feshin ganye ba ya kai wa mai zaman rami, kuma kowane ɓarawo da irin tarkonsa. A tona a san ko wane ne kafin a kwance bakin aljihu. Allah ya ba da kabeji mai nauyi, sai mun haɗu a lambu na gaba!