Ranar da Motar Asibiti Ta Ƙi Tashi a Lafiya

Ranar Lahadi, 8 ga Maris 2020, Katsina United ta je Lafiya karawa da Nasarawa United. Ana tsaka da wasa, ɗan bayan Nasarawa, Chineme Martins, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya yanke jiki ya faɗi. Aka yi kansa, aka ɗauke shi sai motar asibitin da ke ajiye a bakin fili. Direba ya murɗa makulli, mota ta ce ba ta san zance ba. Sai da aka nemo wata, kuma a asibitin Dalhatu Araf aka tabbatar rai ya yi halinsa. Kwamitin da hukumar NFF ta kafa ya gano Nasarawa United ko likita ba ta da shi. Allah Ya kyauta.

Wannan fa babbar gasar ƙasa ke nan, balle yaran da ke taka leda da yamma a Ƙofar Sauri ta Katsina. Yaro zai dafe ƙirji ya ce numfashinsa na sarƙewa, ko jiri na ɗibarsa, koci ya ce raki ne. Ƙafa ta kumbura, a ce targaɗe ne, a ja ta, a biya kemis a sayi ƙwayar kashe ciwo, gobe a dawo. Ƙwayar kuwa bakin ciwon kawai take toshewa. A ganina wannan ganganci ne, ko da an kira shi jarumta.

Ƙarfi ba shaidar lafiya ba ne. Ɗan wasan Najeriya Samuel Okwaraji ya faɗi a Legas ranar 12 ga Agusta 1989, ana wasa da Angola. Sai bayan mutuwarsa bincike ya nuna zuciyarsa ta kumbura.

Nwankwo Kanu shi aka riga ciwon. A 1996 ya zura wa Burazil biyu a gasar Olympics ta Atlanta, ya dawo da zinare, Inter Milan ta saye shi daga Ajax. Likitoci suka duba shi, suka tarar ƙofar babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciyarsa ba ta rufuwa daidai. Yana ganiyarsa aka ce ya ajiye takalmi tukuna, ya kuwa ajiye. Aka yi masa aiki a Cleveland ta Amurka, ya koma fili a 1997. A 1999, yana Arsenal, ya zura wa Chelsea uku cikin minti 15, ya kuma buga Kofin Duniya na 1998, 2002 da 2010.