Saba a Shagon Ɗan Kasuwa: Lissafin da Ya Kamata a Yi Kafin a Saya

Duk ɗan kasuwar da ke shigo da kaya ta Birnin Ƙonni, Ɗan Issa ko Magarya ya san kalmar nan ta "rezo ya ɗauke". Da zarar an faɗe ta, sai motoci su yi layi, direbobi su shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin tireloli, mai kaya kuwa ya ci gaba da biyan kuɗin kwana. Dalili shi ne, takardar fitar da kayan ba a cikin kwamfutar da ke gaban ma'aikacin duwan take ba, tana can cikin wata babbar na'ura da ke wani gari, wadda dukkan ofisoshi ke ɗiba daga gare ta. Tsarin SYDONIA da duwan ɗin Nijar ke aiki da shi, wanda hukumar kasuwanci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato CNUCED, ta fara ƙirƙirowa a 1981, a kan irin waɗannan na'urori yake tafiya. Masu gyaran kwamfuta suna kiran wannan na'ura saba, wasu kuma su ce uwar garke.

A yau saba ta sauko daga ofisoshin gwamnati da bankuna ta shigo kasuwa. Babban ɗan kasuwa mai shaguna uku ko huɗu yana son lissafin kayansa da littafin bashinsa su kasance wuri guda. Mai sito ya kafa kyamarori yana neman inda hotunansu za su zauna. Masu cike takardun duwan su ma suna tara dubban takardu. Ga shi kuma tsofaffin sabobin da kamfanonin Turai da Dubai suka gama aiki da su suna shigowa cikin kwantena, ana sayar da su da arha a Legas da Kano da Lome. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi wa 'yan uwa 'yan kasuwa bayanin abin da ke cikin akwatin, domin kuɗin da aka biya ranar saye shi ne mafi ƙanƙanta daga cikin abin da na'urar za ta ci.

Me ya bambanta ta da kwamfutar tebur?

Saba kwamfuta ce, amma an ƙera ta ne don ta yi shekaru tana aiki dare da rana ba a kashe ta ba. Saboda haka kusan duk abin da zai iya lalacewa a cikinta an yi shi biyu. Tana da akwatin wuta biyu, idan ɗaya ya ƙone ɗayan ya ci gaba. Faifan ajiyarta suna jere a gaba cikin aljihuna, ana iya zare wanda ya mutu a sa sabo ba tare da an kashe na'urar ba. RAM ɗinta, wato ma'ajiyar da take ɗora aikin da take yi a lokacin, irin wadda ake kira ECC ce, mai gano ƙananan kurakurai ta gyara su da kanta. Ƙwaƙwalwarta kuwa, wadda ake kira furosesa, yawanci Xeon ce ta kamfanin Intel ko EPYC ta kamfanin AMD, kuma manyan sabobi da dama suna da gurbin guda biyu.

Waɗanda suka fi yawo a kasuwar kayan hannu su ne Dell PowerEdge da HP ProLiant. Lambar da ke jikinsu ita ke faɗin shekarunsu. PowerEdge R720 da ProLiant DL380 Gen8 sun fito ne a 2012, suna aiki da RAM ƙirar DDR3. R730 da DL380 Gen9 kuma sun fito a 2014, suna aiki da DDR4. Ke nan wanda aka sayar wa R720 a yau, na'urar da ƙirarta ta haura shekara 10 ya saya, komai ƙyallin fentinta.

Abin da za a duba kafin a biya

Na farko, kada a biya kuɗi sai an kunna na'urar a gaban mai saye, an ga ta tashi, an kuma zare wayar akwatin wuta ɗaya an ga ba ta mutu ba. Na biyu, a ƙirga aljihunan faifai, domin sau da yawa ana cire su a sayar daban, kuma ba tare da su ba faifai ba zai zauna daidai ba. Na uku, waɗannan sabobi suna da wata ƙaramar ƙofa ta sarrafa su daga nesa, ta Dell sunanta iDRAC, ta HP kuma iLO. Wajibi ne a karɓi kalmar sirrinta, a kuma sauya ta a ranar.

Na huɗu kuma mafi muhimmanci shi ne faifan ajiya. Kowane faifai yana riƙe da lissafin awannin da ya yi yana juyawa, a cikin wani tsari da ake kira SMART, kuma mai gyara zai iya karanto shi cikin minti kaɗan. Shekara ɗaya tana da awa 8,760, saboda haka faifan da ya nuna awa 43,800 ya yi shekara 5 cur yana aiki. Sai dai 'yan damfara sun iya goge wannan lissafi. A farkon 2025 mujallar kwamfuta ta Heise da ke Jamus ta bankaɗo yadda aka riƙa sayar wa mutane a ƙasashe da dama tsofaffin faifai da sunan sababbi bayan an mayar da awanninsu sifili. Shawararmu a nan ita ce, ana iya sayen akwatin saba na hannu, amma faifan da za a ɗora littafin bashi a kansa a saye shi sabo a hannun dilan da aka sani, mai ba da garanti a rubuce. Araha ba ta ado.

Ƙara wa na'ura ƙarfi

Idan saba ta fara nauyi, yawancin mutane furosesa suke fara zargi, alhali kuwa ita ce ba kasafai take gazawa ba a aikin shago. Abin da ya fi kawo sauƙi nan take shi ne ƙarin RAM, sannan a mayar da manhajar na'urar da ta lissafin kuɗi kan faifan SSD, wanda ba shi da abin da ke juyawa a cikinsa, ya kuma ninka tsohon faifai sauri. Manyan faifai masu juyawa sai a bar su ga hotunan kyamara da tsofaffin takardu, domin sun fi arha idan ana maganar yawan ajiya.

A nan ne ake yawan asarar kuɗi wajen sayen abin da bai dace ba. DDR3 ba ta shiga gurbin DDR4, ita ma DDR4 ba ta shiga na DDR5. RAM ɗin kwamfutar tebur ba ta aiki a yawancin waɗannan sabobi. Faifai ƙirar SATA yana aiki a saba mai mahaɗin SAS, amma faifan SAS ba ya aiki a mahaɗin SATA. Kafin a aika yaro Kano ko a yi wa dila waya a Dubai, a ɗauki hoton takardar da ke manne a jikin kayan da ke ciki a tura masa. A kuma tuna cewa farashin waɗannan kaya yana bin abin da ke faruwa a duniya. Ambaliyar ruwan da aka yi a Tailan a 2011 ta rufe masana'antun faifai, farashi ya yi tashin gwauron zabi, haka kuma a ƙarshen 2025 farashin RAM ya hau sosai saboda kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun yi ta kwashe ta.

Manhaja ma tana tsufa. Kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows Server 2012 kariyar yau da kullum tun ranar 10 ga Oktoba, 2023. Wanda ba ya son sayen sabon lasisi yana iya sa a ɗora masa Ubuntu, Debian, Proxmox ko TrueNAS, waɗanda ake samu kyauta.

Faifai nawa, kuma yaya za a haɗa su?

Tun a 1988 wasu masana uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wato David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka bayyana dabarar haɗa faifai da yawa su zama kamar ɗaya, wadda aka sani da RAID. Lissafinta ba shi da wuya. Idan aka haɗa faifai biyu masu terabait 4 kowanne a tsarin RAID 1, terabait 4 kawai za a samu, domin na biyun kwafin na farko ne. Faifai huɗu a RAID 5 suna ba da terabait 12, kuma ɗaya zai iya mutuwa ba a rasa komai ba. Waɗannan huɗun a RAID 6 suna ba da terabait 8, amma ko biyu suka mutu ajiya tana nan. Akwai kuma RAID 0, mai haɗa faifai don sauri kawai, wanda idan ɗaya ya mutu komai ya tafi. Kada ɗan kasuwa ya yarda a ɗora masa lissafinsa a kansa.

Lissafin kuɗi da takardu ba sa cin wuri sosai, kyamara ce mai ci. Kyamara ɗaya mai aika megabit 4 a daƙiƙa tana rubuta kusan gigabait 43 a rana. Guda takwas za su cinye kimanin terabait 10 a wata. Saboda haka mai sito ya fara yanke shawarar kwana nawa yake son hotuna su yi kafin a goge su, sannan ya sayi faifai.

Wuta da zafi da ƙura

Waɗannan na'urori an ƙera su ne don ɗakuna masu sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa. Saba mai cin wat 250 tana shan kilowat 6 a rana a lissafin mita, wato 180 a wata, 2,190 a shekara. Mai saye ya ninka wannan da farashin da ke kan takardar NIGELEC ɗinsa, ya ƙara kuɗin sanyaya ɗaki, ya ga ko cinikin yana nan da riba. Idan wuta ta ɗauke na awa 8, na'urar tana buƙatar kilowat 2 daga batir. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe kusan 2.4, kuma irin na dalma ba a so a sha fiye da rabinsa, ke nan sai an tanadi biyu. Ba mu manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take bai wa Nijar, garuruwa suka yi watanni ana raba wuta. Ɗaukewar wuta farat ɗaya a lokacin da faifai ke rubutu tana iya ɓata bayanai, don haka UPS, wato batirin da ke karɓar na'ura nan take, ba abin ƙawa ba ne.

Masana sanyaya ɗakunan kwamfuta suna ba da shawarar zafin ɗakin ya kasance tsakanin digiri 18 da 27, kuma yawancin waɗannan sabobi an tsara su ne kada iskar da suke shaƙa ta wuce digiri 35. Mu kuwa a Maraɗi da Tawa da Damagaram zafin Afrilu da Mayu yana haura digiri 40. Da hunturu kuma fankokin na'urar suna zuƙo ƙura su cusa ta ciki. Wanda ba shi da ɗaki rufaffe mai sanyi, gara ya sayi ƙaramar na'urar ajiya irin ta Synology ko QNAP mai faifai biyu, wadda cin wutarta bai fi wat 20 zuwa 40 ba, sola ma za ta riƙe ta. Ga yawancin shaguna wannan ta wadatar.

Kwafin da ke wani gari

RAID yana kare mutum daga mutuwar faifai ne kawai. Ba ya kare shi daga gobarar kasuwa, ko ɓarawo, ko yaron da ya goge lissafi da gangan, ko manhajar 'yan kutse da ke kulle bayanai, domin duk abin da ya sami faifai na farko nan take ake kwafe shi a na biyu. A ranar 10 ga Maris, 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen sabobi na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, miliyoyin shafukan intanet suka ɗauke, wasu abokan hulɗa kuma suka rasa komai saboda kwafinsu ma a harabar yake.

Shi kuwa kamfanin jiragen ruwa na Maersk, wanda muke ganin kwantenoninsa a kan hanyoyinmu, manhajar NotPetya ce ta faɗa masa a ranar 27 ga Yuni, 2017. Sai da ya sake ɗora manhaja a sabobi 4,000 da kwamfutoci 45,000 cikin kwana 10, ya kuma yi asarar da ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Kwafin wata muhimmiyar ma'ajiyarsa da ya tsira a wani ofishinsa aka same shi, kuma ya tsira ne saboda wuta ta ɗauke a can, na'urar ba ta haɗe da sauran ba lokacin da cutar ta bazu.

Ƙa'idar da masu wannan sana'a ke bi ita ce a sami kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya kuma ya kasance a wani wuri daban. Ga ɗan kasuwa, wannan na nufin ajiyar da ke cikin saba, da faifan tafi-da-gidanka da ake kwafa a kai kowane mako a zare shi a kai gida, da kuma wani a shagonsa na wani gari ko a ma'ajiyar intanet. Lokaci-lokaci a sa mai gyara ya buɗe kwafin a gaban mai shago a ga lissafin jiya yana ciki, domin kwafin da ba a taɓa gwadawa ba ba a san ko yana aiki ba.

Saboda haka muna kira ga 'yan uwa 'yan kasuwa, kafin a tambayi dila farashin saba, a zauna da takarda a rubuta yawan abin da za a ajiye, da kuɗin wutar shekara, da ɗakin da za ta zauna, da garin da kwafi zai kwana. Idan kuɗin ba su kai ga duka ba, a sayi ƙaramar na'ura a rage canjin sayen faifan kwafi. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya sa albarka a cikin kasuwanninmu.